Yadda Ake Hana Rijiyar Burtsatse Ƙafewa a Birnin Kano

A watan Afrilu, idan zafi ya kai maƙura, akwai wata ƙara da mai rijiyar burtsatse a Kano ya sani. Za ka kunna inji, ruwa ya taho da ƙarfi kamar abin arziki, bayan minti goma bututu ya fara tari, ya tofo iska, ya tofo jan ruwa mai yashi, sai shiru. A kira mai gyara, ya ce a ƙara bututu biyu a sauke injin ƙasa. Baɗi a maimaita. Shekara ta uku a ce rijiya ta mutu, a kirawo masu mota su haƙa wata a gefenta.

Ban ga laifin mai gyara ba, abin da aka kira shi ya yi ke nan. Garin da ya raɗa wa unguwanninsa Rijiyar Zaki, Rijiyar Lemo, Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu ya daɗe yana shan ruwan ƙasa, amma da guga yake sha. Hannu yakan gaji, a huta, rijiya ta tara. Inji kuwa ba ya gajiya. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye suna da mutum sama da miliyan 2.8, kuma tun daga lokacin gari yake ta cin gonaki ta wajen Kumbotso da Ungogo, ruwan famfo bai bi sawun ginin ba. Kowane sabon gida da burtsatsensa, kowace tsakar gida an malale ta da siminti. Mun ƙara bakunan sha, mun toshe ƙofar da ruwa ke shiga. Gyaran nan ana iya fara shi daga gida, wani sashen kuma sai layi ya haɗa kai.

Da farko, san abin da ke ƙarƙashin gidanka

Mutane da yawa sun ɗauka akwai wani kogi da ke gudana can ƙasa, wanda duk ya nutsa sosai zai tarar da shi. Ƙasar Kano ba haka take ba. Birnin yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. A sama akwai ƙasa da marmara, ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen dutse da ya koma tsakuwa da yumɓu, wanda a wurare da yawa kaurinsa bai wuce mita 10 zuwa 30 ba, daga nan sai dutse mai rai. Ruwan da muke sha yana cikin ruɓaɓɓen dutsen nan, kamar yadda soso ke riƙe ruwa, da kuma cikin tsagogin dutsen da ke ƙasansa. Ba daga ko'ina yake zuwa ba sai daga ruwan saman da ƙasa ta shanye.

Maiduguri tana kan yashi da laka masu kauri na kwarin Tafkin Chadi, inda ruwa yake hawa-hawa har uku, don haka a can ƙara zurfi yakan kai ka ga wani sabon ruwa. Jakarta ta Indonesiya tana kan laka mai taushi, shi ya sa da aka zuƙe ruwan ƙasarta sai arewacin birnin ya riƙa nutsewa. Mu dutse ba zai bari mu nutse ba. Haɗarinmu shi ne rumbun ruwan namu ƙarami ne, kuma tsagogin dutse raguwa suke yi idan ana ƙara nutsawa, ta yadda mutum zai iya kashe kuɗin mita 150 ya samu abin da bai kai na maƙwabcinsa mai mita 50 ba.

Amma ƙanƙantar rumbun tana da wani alheri: yana amsawa da wuri. Ruwan da ƙasa ta sha a Agusta ana ganinsa a rijiya tun kafin kaka. Sai kuma abin da ya fi wuyar karɓa, wato katangar gidanka ba ta kai can ƙasa ba. Kai da maƙwabcinka da mai gidan wankin mota na bakin titi, tulu ɗaya kuke zura wa moɗa. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane haka, shi ya sa suka yi magana a kan hurumin rijiya, wato tazarar da bai kamata wani ya haƙa tasa a ciki ba idan hakan zai cutar da ruwan ta farko.

Na biyu: a fara auna zurfin ruwa

Duk unguwar da ba ta awo, gardama kawai za ta riƙa yi. Wani ya ce ruwa ya ja baya, wani ya ce injinka ne ya tsufa.

A nemi rijiyar guga guda ɗaya a layi wadda har yanzu take da ruwa, ko da ba a shan ta. A sami igiyar roba da ba ta miƙewa, a ɗaura mata ƙaramin gwangwani a kife, a sa masa ɗan nauyi, yadda idan ya taɓa ruwa za a ji “fam”. A yi alama da fenti a bakin rijiyar, kuma daga wannan alamar za a riƙa awo har abada. A zura igiya, a ji ƙarar, a riƙe wurin da yatsa, a fito da ita a gwada da tef ɗin magina. A rubuta kwanan wata da zurfi a littafi mai bango mai tauri, kada a dogara da waya.

Lokacin awo yana da muhimmanci. A yi shi da asuba bayan an fito masallaci, kafin injinan layi su fara aiki, ranar farko ta kowane wata. Idan an auna da rana, abin da za a gani shi ne ramin da injina suka yi na ɗan lokaci.

Idan babu rijiyar guga sai burtsatse, kada ka zura igiya haka kawai, za ta iya naɗe wayar inji ka jawo wa kanka asara. Ka bari sai ranar da aka fito da injin don gyara, ka sa mai gyaran famfo ya ɗaura siririn bututu mai faɗin inci ɗaya a jikin babban bututun, ƙasansa a huhhuje, samansa da murfi. Ta nan za a riƙa zura awo lafiya lau.

Wajen karanta littafin ne ake yawan kuskure. Ja da bayan ruwan rijiya daga Nuwamba zuwa Mayu al'ada ce, haka hawansa daga Yuli zuwa Satumba. Abin dubawa shi ne Afrilun bana da Afrilun bara, Oktoban bana da Oktoban bara. Idan shekara uku a jere ruwan Oktoba yana tsayawa ƙasa da inda ya tsaya a baya, alhali damina ta yi kyau, to unguwa ta fara cin jari, ba riba ba.

Na uku: lissafa abin da kake ɗiba

Ɗauki jarka mai lita 25 da agogo. Kunna inji, ka bari ya yi minti goma yana aiki, sannan ka tara jarkar a bakin bututun da ke zuba cikin tanki. Idan ta cika a daƙiƙa 50, injinka yana jan lita 1,800 a awa. Ka lura da awa nawa yake yi a rana har tsawon mako guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa lita 50 zuwa 100 a rana suna isar mutum ɗaya sha da girki da wanka da wanki. Gidan mutum goma ke nan yana buƙatar lita 500 zuwa 1,000. Idan injinka yana awa biyu kullum, lita 3,600 ke nan. Ina sauran suke tafiya?

Sau da yawa amsar tana saman tanki. Kowa ya taɓa wucewa ta lungu ya ga ruwa yana kwarara daga tankin wani gida kamar indararo a tsakiyar damina, yara suna wasa a ciki, mutan gidan sun manta sun kunna. Maganinsa ƙwallon nan ne mai waya da ake sa wa cikin tanki, wanda ke kashe inji da kansa idan ya cika. Kuɗinsa bai kai na gyaran inji sau ɗaya ba. Masu injin sola su suka fi kowa buƙatarsa, domin da can tsadar mai da ɗaukewar wuta ne ke taka mana birki, yanzu rana na fitowa inji zai kama, ba mai jin zafin aljihu.

Sai yoyo. Da daddare ka rufe kowane famfo, ka ja layi da alli daidai inda ruwa ya tsaya a tanki, ko ka tsoma sanda ka yi mata alama. Da asuba ka duba. Idan ya sauka, bi tankin bayan gida na zamani tukuna, shi ne ɓarawon da ba a ji motsinsa, sannan bututun da aka binne. Alwala da buta, wankin mota da bokiti maimakon tiyo, ruwan ɗaurayar kaya a zuba wa bishiya: ƙananan abubuwa ne, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya na shari'a yake alwala, wanda bai cika lita guda ba.

Na huɗu: idan ya zama dole a haƙa sabuwa

Kafin ka kira mai mota, ka ƙwanƙwasa ƙofa uku ko huɗu. Burtsatse ɗaya mai kyau da babban tanki yakan ɗauki gidaje biyar, kuma ya fi rijiyoyi biyar a jere suna ƙwace wa juna ruwa. Na san abin da ke hana mu: tsoron rigimar kuɗin gyara. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa, a fayyace wa ke riƙe makulli, nawa ake tarawa a wata, da abin da za a yi idan wani ya sayar da gidansa.

Idan an yanke shawarar haƙawa, kada a tsallake waɗannan:

A yi binciken ƙasa da na'ura kafin a sa ƙarfe, kuma mai ilimin duwatsu ya yi shi, ya ba da rahoto a rubuce. A ƙasa irin tamu, mita ashirin gabas ko yamma na iya raba rijiya mai ruwa da busasshiya.

A tsaya a wurin ranar da ake zura bututu. A tabbata bututun rijiya ne mai kauri, ba na magudanar bayan gida ba, kuma mai tsagogin ya sauka daidai inda ruwa yake. A zuba wankakkiyar tsakuwa a kewayensa, sannan a cike mita biyar ko shida na sama da siminti zalla. Wannan simintin shi ne ke hana ruwan kwata bin jikin bututu ya gangara. Wani ɗan'uwana ya tafi kasuwa ranar da aka yi nasa, masu aikin suka mayar da ƙasar da suka haƙo suka shafe sama da siminti ɗan kaɗan. Damina ta farko ruwan ya fara wari, kuma har yau ba a sha.

A yi gwajin ja na aƙalla awa shida ba tsayawa, ana auna yadda ruwa ke sauka, a kashe a auna yadda yake dawowa. Da sakamakon nan ake sayen inji. Rijiyoyi da yawa a irin wannan dutse ba sa ba da fiye da lita ɗaya a daƙiƙa, wasu ko rabi ba sa kaiwa. Wanda ya sa wa irin wannan rijiya babban inji zai riƙa zuƙe ta ƙarƙaf, ya jawo yashi, ya ƙona injin. Ƙaramin inji mai ja a hankali na tsawon lokaci ya fi mata. Ka zaɓi wanda bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da gwaji ya nuna ba.

Daga ƙarshe ka karɓi takardar kammala aiki: zurfi, irin ƙasar da aka ratsa, inda aka samu ruwa, inda inji ya tsaya. Ka adana ta tare da takardun gida.

Na biyar: mayar wa ƙasa ruwan sama

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi sakaci. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Fara da lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. A shekara mai matsakaiciyar damina Kano takan samu wajen milimita 800, wata shekarar fiye da haka sosai. Rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai karɓi lita 80,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da wanda za a zubar, saura lita 64,000, wato jarka 2,560. Duk wannan muke korawa titi ta bututu, ya cika kwata, ya shiga gidajen mutanen gangare, sannan a watan Maris mu tsaya jiran 'yan garuwa. A jihar Tamil Nadu ta Indiya, inda birnin Chennai yake, tun 2003 doka ta wajabta wa kowane gini ya tanadi hanyar kama ruwan sama. Mu ba sai mun jira doka ba.

Ga yadda ake ramin shayar da ƙasa.

Zaɓi wuri. Ya yi nesa da harsashin gini da aƙalla mita uku, idan ginin ƙasa ne a kai biyar ko fiye, ciki har da katangar maƙwabci. Ya nisanci shadda da sokawe gwargwadon iko, kada ya gaza mita 15, domin ruwan da za ka tura zai iya kwaso ƙazantarsu ya kai rijiya. Kada kuma a manna shi da bakin burtsatse, a bar 'yan mitoci don ƙasa ta tace.

Gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin mita ɗaya, a ƙasansa ka yi ƙaramin gurbi mai faɗi da zurfin taƙi ɗaya da rabi, kamar santimita 30. Cika shi da ruwa, ka bar shi ya kwana. Washegari ka sake cikawa ka duba agogo. Idan ya shanye cikin 'yan awanni, ƙasar ta yi. Idan ya wuni ya kwana yana nan, yumɓu ne, sai a ƙara zurfi har a ratsa shi ko a sauya wuri.

Haƙa ramin: mita ɗaya da rabi kowace kusurwa, zurfi mita biyu, ko har a wuce marmara a tarar da ƙasa mai shan ruwa. A ƙasa a jera duwatsu masu girman dunƙulen hannu har kusan mita ɗaya. A kansu tsakuwa rabin mita. A kanta yashin kogi mai kaushi, wankakke, kamar santimita 30. Abin da ya rage a sama a bar shi fili, a ɗaure bakinsa da bulo jeri biyu don kada ya zabge. Inda bututu zai zuba, a ajiye faffaɗan dutse don kada ruwa ya tone yashin. A rufe da murfin kankare mai ƙofa da za a iya buɗewa. Rami a buɗe a gidan da ke da yara ba abin wasa ba ne, ga kuma sauro.

Sai haɗa rufi da ramin. A sa gota a bakin kwano, da raga a inda take haɗuwa da bututu don tare ganye da leda. Kada bututun ya wuce kai tsaye. Ya fara zuba cikin duro mai lita 100 zuwa 200, sai duron ya cika sannan ruwa ya bi wani bututu na sama ya nufi rami. Ruwan da ya fara sauka shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye da na ƙadangare, shi ne zai tsaya a duro. Bayan kowane ruwa a buɗe famfon ƙasan duron a ba bishiya. Ruwan farko da na biyu na shekara kuwa, bayan ƙurar hunturu da ta bazara, a bar su su tafi gaba ɗaya.

Kar ka yi tsammanin rami ɗaya zai shanye komai. Ruwa mai ƙarfi na milimita 30 a kan rufin nan lita 3,000 ne, ramin da aka cika da duwatsu kuwa bai fi ya riƙe rabin haka a lokaci guda ba. Don haka dole a bar masa bututun ambaliya da zai kai rara zuwa kwata. Wanda yake da hali ya sa tanki tsakanin duro da rami: tanki ya cika tukuna, rararsa ta shiga ƙasa. Ta haka daga Yuli zuwa Satumba za a yi kwanaki ba a kunna inji ba, kuma duk litar da ba ka ja ba tamkar ka zuba ta ne.

Idan gidanku na da tsohuwar rijiyar guga da ta ƙafe, kuna da dukiya. A kira masu yasar rijiya su kwashe dattin ciki, kuma kada wani ɗan gida ya ce zai shiga da kansa, iskar tsohuwar rijiya tana kisa. A zuba tsakuwa da yashi a gindinta, a juyo mata ruwan rufi bayan ya bi ta duro da ƙaramin akwatin yashi, a rufe bakinta. Ita ta riga ta ratsa marmara, tana kai ruwa inda ake buƙata. Ruwan rufi kaɗai za a ba ta. Ruwan tsakar gida, na wanki ko na titi bai halatta ya shiga ba, kuma kada a taɓa zura ruwan sama kai tsaye cikin burtsatsen da ake sha.

Akwai inda bai kamata a yi wannan aiki ba: unguwar da ruwa ke tasowa kusa da sama a Agusta har danshi na cin bango, filin da aka cike da bola aka yi gini, da kusa da garejin makanikai, marina ko majema. A irin waɗannan wurare a tsaya ga tanki.

Tsakar gida kuma, idan ba a riga an malale ta ba, a bar ko da kashi ɗaya cikin uku ƙasa ce ko tsakuwa, da bishiya ɗaya. Mai son intalok ya sa a jera shi a kan yashi, ba leda ba kankare a ƙasansa.

Na shida: tsare ruwan daga ƙazanta

Ruwan da ya gurɓace daidai yake da wanda ya ƙafe. Ƙa'idar da masu aikin tsafta ke bi ita ce mita 30 tsakanin shadda da rijiya, kuma gindin shadda ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. Kowa ya san a filin awon igiya mai ƙafa hamsin-hamsin wannan tazara ba ta samuwa. Shaddar maƙwabci tana iya zama taku biyar daga rijiyarka, katanga ce kawai ta ɓoye ta. Abin da za a iya shi ne a zauna da maƙwabta kafin gini, a tattara bayan gida a gefe ɗaya, rijiya ta koma can nesa ta wajen tudu. Wannan ma wani dalili ne na rijiyar haɗin gwiwa. Ramin bayan gida a ɗaure shi da bulo da filasta, a riƙa kwashewa kafin ya cika.

Bakin burtsatse ya ɗago sama da ƙasa, a yi masa daɓen kankare mai gangara waje, da murfi. Baƙin mai, ruwan batir da ragowar maganin feshi kada su taɓa ƙasa. Babban laifin da na fi jin ciwonsa shi ne mayar da matacciyar rijiya shadda ko bola. Wanda ya yi haka ya zuba ƙazanta kai tsaye cikin tulun unguwa.

A kai ruwa ɗakin gwaji sau biyu a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar damina, cikin kwalbar da su suka bayar, a kai shi cikin 'yan awanni. A nemi gwajin ƙwayoyin cutar bayan gida, waɗanda bai kamata a samu ko ɗaya ba cikin mililita 100, da sinadarin naitiret da ke tsatsowa daga shadda da taki, wanda iyakarsa miligiram 50 ne a lita. Tafasawa ko kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, amma tafasawa ba ta cire naitiret, ƙara masa ƙarfi ma take yi, kuma jarirai ya fi yi wa illa, don haka kada a dama musu madara da irin wannan ruwa. Mazauna kusa da masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai, da masu bin gaɓar Jakara, su ƙara da gwajin ƙarafa masu guba, musamman kuromiyam da ake jima da shi.

Na bakwai: abin da sai unguwa ta taru

A ɗauki littafin awon nan a kai wa mai unguwa da limami, a kira taro. A zana layukan unguwa a takarda, a sa ɗigo a kowace rijiya, mai rai da matacciya, da manyan masu ja: masu sayar wa 'yan garuwa, gidan wanka, gidan bulo, masu ruwan leda. Ba don a hana su sana'a ba, domin rabin unguwa da ruwansu take rayuwa. A nemi su sa mitar awon ruwa, su rage awannin ja daga Maris zuwa Mayu, kuma kowannensu ya gina ramin shayar da ƙasa daidai girman abin da yake ɗiba. Rufin masallacin Juma'a, na makaranta da na islamiyya sun fi na gidaje goma, kuma suna da fili. Nan ya kamata a fara aikin gayya, inda kowa zai gani da idonsa.

Kududdufi ma a tsaya masa. Ramukan da kakanninmu suka ɗebi ƙasar gini su ne suka riƙa tare ruwan damina suna shayar da rijiyoyin cikin gari, yanzu ana cike su ɗaya bayan ɗaya ana yanka filaye. Gaskiya ne da yawansu sun zama matattarar ƙazanta. Maganin haka a yashe su, a kewaye, a hana zuba shara da ruwan masai, amma ba a binne su ba.

Sannan kada a daina neman ruwan famfo. Kano ta fara shan ruwan famfo daga Challawa tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, an kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ga matatun Tamburawa da Watari. Ruwan madatsun nan ne ya kamata ya ɗauki nauyin birni, na ƙasa ya zama ajiyar ranar buƙata. Ƙungiyar unguwa da ta je Hukumar Ruwa ko wurin ɗan majalisarta da littafin awo na shekara uku, da jerin gidajen da suka yarda a sa musu mita su biya, ta fi wadda ta je da koke kawai samun kunnen saurare.

Haƙan rami a yi shi a Maris ko Afrilu, ƙasa na bushe. A Mayu a share rufi da gota, a kankare yashin saman ramin da ya toshe da laka a zuba sabo. A Agusta a buɗe murfi kwana ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi. Idan har lokacin ruwa na tsaye a ciki, yashin na son canji. Ranar ɗaya ga Oktoba, kafin kowa ya kunna inji, a zura igiya a rubuta lambar a ƙarƙashin ta bara.